Tsakar Baba

Tun ban san hagu da dama ba ake ce mini Tsaka a gidanmu. Wai don a tsakiya aka haife ni, Yaya a gaba, Auta a baya. Auta Allah bai yi mata tsawon kwana ba, tsakiyar ta tashi aiki, amma sunan ya maƙale. Yaya kuwa ba don lissafin haihuwa yake faɗa ba, don ya ga ina tsuke fuska ne. Wa zai so a kira shi da sunan abin da kowa ke bi da takalmi a jikin bango? Da sunan na yi aure, auren ya mutu, na dawo da abina.

To sai ga Baba ya kawo ta gaske.

Baba direban babbar mota ne, rabin rayuwarsa a hanyoyin hamada ya yi ta. A tafiyarsa ta ƙarshe, wadda daga ita ne ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, yana kakkaɓe tamfol ya tsinci wata 'yar halitta cikin rairayin da ya taru a ninkin. Mutumin da ko alewa bai taɓa riƙo mini daga tafiya ba, shi ne ya shigo gida da tsaka a gwangwanin madara yana tarairaya. Da aka sallamo shi daga asibiti, bakinsa a karkace, magana da ƙyar, abin da ya fara ce mini shi ne, "Akwatin gilashin nan naki, ki kawo."

Ni tela ce. Shago gare ni a bakin titi, da ɗaki ɗaya a bayansa. Akwatin da yake nufi shi ne wanda nake jera maɓallai da zare a ciki. Bai ce don Allah ba, bai tambayi inda zan zuba kayana ba. Na juye su a leda na kai masa, ya sa na cika gindin da rairayi, na ajiye a kan teburin da ke gefen gadonsa.

Ɗakin Baba shi ne na gaba a gidan da ya gina da guminsa, tagarsa na kallon titi. Gadon ƙarfe, rediyo, tsohuwar hularsa a rataye a ƙusa, shi ke nan. Sauran gidan na hannun Yaya da matarsa, wadda nake ce wa Anti don dole. Yaya tayoyi yake sayarwa, kullum cikin ƙorafin shagonsa ya yi masa lungu. Gida ɗaya suke kwana da Baba, amma ta waya yake gaishe shi. Daga falo zai danno kira, "Baba, an tashi lafiya?" ya kashe. Kuma ku ji ikon Allah, Baba har alfahari yake yi da wannan. "Yayanki ya kira ni yau," haka zai tare ni, ni da na tako da ƙafata, na sauya masa zanin gado, na yanke masa farce.

Cimar tsakar ma a wuyana ta faɗa. Rana na faɗuwa zan kunna ƙwan ƙofar shago, mace da girmana in tsaya ina tsalle da kwalba ina kama ƙwari, maƙwabta suna ta dariya. In rufe shago, in kai.

Ba na son ta, in faɗa muku gaskiya. Amma wanda ya daɗe yana kallon abu dole ya san shi. Ba ta kai ɗan yatsana tsawo ba. Launinta na rairayi ne, fatar kuma sirit, in ta ƙoshi har inuwar abin da ta ci kana gani a cikinta. Kai ƙato, idanu dara-dara, ba ta ƙiftawa don ba ta da fatar ido, sai dai ta zaro harshe ta lashe su ɗaya bayan ɗaya. Da rana ba ka ganin ta, tana can ƙarƙashin rairayi a ramin da ta tona. Sai magariba ta leƙo, ta miƙe a kan 'yan siraran ƙafafunta, ciki sama da ƙasa, ta tsaya cak. Ƙwaro na motsawa, caraf, ta gama da shi. Ruwa kuwa ba ta sha a mazubi, sai Baba ya tsoma yatsa ya yarfa a kan ɗan dutsenta ta bi tana lasa.

"Kada ki haɗa ta da ta gida," in ji Baba. "Waccan bango take hawa. Wannan 'yar ƙasa ce, yatsunta na tono ne. Kuma namiji ne, shi ya sa yake kuka. Sai dai tsaka ko namiji ne ita ake ce masa."

Kukan nata ɗan ƙarami ne, kik-kik-kik, daidai lokacin da duhu ya fara shiga. Wayar Baba ta taɓa faɗawa ruwa, tun daga nan ta daina ruri, in kira ya shigo ita ma kik-kik-kik take yi. Na taɓa yi masa tsiya na ce wata rana sai ya ɗauki tsaka ya kara a kunne. Ya harare ni ya ce shi bai rikice ba tukuna, Yaya da safe yake kira, ita kuma da yamma.

Doka ɗaya ya kafa: kada wanda ya taɓa wutsiyarta. Ya ce nan ne rumbunta, duk kitsen da ta tara don ranar babu a nan yake. In maƙiyi ya kama wutsiyar sai ta sakar masa, wutsiyar ta yi ta mutsu-mutsu ita kaɗai, shi yana fama da ita mai abin ta yi gaba. "Amma ba a banza ba," ya ce. "Ta tsira da rai, ta bar guzurinta. Wata ba ta farfaɗowa."

Haka muke har farin tabo ya fito a kumatun Bebi, 'yar Yaya.

Ran nan na shigo da kwalbata na tarar da su cike da ɗakin Baba. Anti ta riƙo haɓar yarinya tana juya fuskarta wajen haske.

"Ga shi nan, ga abin da nake ta faɗa! Fitsarin tsaka ne. Ta fito ta bi ta kan kofin yarinya, an cuce ni."

"Haba Anti," na ce, "ƙyasbi ne fa. Rabin yaran layin nan suna da shi. Mai ake shafawa ya ɓace."

"Ke kika haifa mini ita?"

Na haɗiye wannan, don ta san inda ta soka. Na sa hannu a akwatin na tono tsakar, na ɗora ta a jikin gilashi, na saki. Ta sulalo ƙasa. Na sake ɗorawa, ta sake sulalowa tana wutsil-wutsil da ƙafa.

"Kun gani? Ko ƙafar gado ba ta iya hawa. Ta ina za ta fita, balle ta je kicin ta nemi kofin Bebi ta dawo ta rufe kanta?"

Yaya yana jingine da ƙofa yana kaɗa makullin mota. Ya yi 'yar dariyar nan tasa ta hanci. "Tsaka na kare tsaka. Ai dole, dangi ne."

"Yaya, ka kiyaye ni."

"Ba da ke nake ba." Ya juya ga Baba, ya sassauta murya kamar mai lallashin yaro. "Baba, ni ba zan yi musu da kai ba. Amma lafiyar yara gaba take da komai. Ko abin nan ya bar duniya, ko kuwa kai da shi ku koma sito can baya, nesa da kicin."

Siton nan na san shi. Ba taga, rufin kwano ne tsirara, tsofaffin tayoyi har sama.

"To ba sai an kai ga haka ba," na ce. "Zan tafi da ita shagona yanzun nan."

"Ki tafi da ita yau, gobe ki dawo da ita a jaka? A'a. Gawa nake son gani. Zuwa gobe war haka."

Baba ya miƙa hannunsa mai lafiya ya ɗora a kan murfin akwatin.

Da na fito, raina a ɓace, na tsaya a waje ina gyara mayafi, sai idona ya kai ga bangon ɗakin Baba. An ja layi da alli. Ya taso daga ƙasa, ya haura saman taga, ya ƙetare, ya sauko ɗaya gefen. Faɗinsa daidai ƙofar shago. Ni da nake rayuwa da alli a hannu, ai ba sai an gaya mini ba, inda aka ja shi nan almakashi ke bi. Nan na gane komai. Yaya ya zaɓi sharaɗin da ya tabbata Baba ba zai cika ba, don a ce tsoho ne da kansa ya zaɓi sito. Tir da wannan wayo.

Washegari na rufe shago da wuri na same shi shi kaɗai.

"Baba, ba tsaka ce damuwarsu ba. Ɗakin suke so. An riga an ja alli a bangonka ta waje, shagon taya zai buɗe."

"Ƙarya kike."

"Wallahi na gani da idona. In tura ka a keke ka je ka duba?"

"Yara ne suka yi zane. Yayanki ba zai yi mini haka ba. Ke dai tun kina ƙarama baƙin ciki kike yi da shi."

Maganar ta ƙona ni har ƙashi. Duk da haka na ce, "To ka taho wurina, kai da ita. Ba wanda zai kafa maka sharaɗi."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ɗaki ɗaya bayan shago? In kwana da keken ɗinki, ina da ɗa namiji a raye? Rufe ƙofar ki zo nan."

Na rufe.

"Ciro ta. Riƙe ta ta ƙirji, a hankali, kada ki matse."

Na ciro ta. Jikinta sanyi, maƙogwaronta na bugawa a kan yatsana. Ta lashe ido ɗaya tana kallonmu. Sai da na ga ya miƙo babban yatsa da manuni wajen gindin wutsiyar sannan na fahimci abin da zai yi.

"Baba! Kai da ka ce..."

"Yi mini shiru."

Sau biyu yana kai hannu yana janyewa. Na ukun ya rintse ido ya danna. Ban ji ƙarar komai ba, kawai sai ga wutsiya a hannunsa tana wulwulawa, jikin da ke hannuna kuma ya yi wata irin fizga, ta buɗe baki ta saki 'yar ƙara siririya. Ko jinin kirki babu. Gumi ya keto wa Baba a goshi.

"Sa ta a jakarki, ki zuge. Wannan kuma soka gindinta a rairayi, bar tsinin a waje. Maza, kafin ta daina motsi. Kira su."

Na jefa ta cikin gwangwanin alluraina da babu komai a ciki, na tura a jaka. Na leƙa na ƙwala wa Yaya kira. Suka shigo, shi da Anti, ita da butar shayi tana tururi, ashe tun ɗazu ruwan na kan wuta. A cikin akwatin ba abin da ake gani sai wutsiya tana kaɗawa a bakin rami, kamar mai ita na ƙoƙarin nutsewa.

"Ga ta nan," in ji Baba. "Na yafe. Ku yi abin da za ku yi."

Na kalli fuskar Yaya. Wallahi ba murna na gani ba, haushi na gani. Makullin ya tsaya cak a hannunsa. Anti kuwa ba ta jira ba, ta tuttule ruwan zafin kaf a kan rairayin tana Allah ya isa. Gilashin ya ce ƙas, ya tsage daga sama har ƙasa. Akwatina ke nan. Ba wanda ya tona ya duba, ƙyama ba ta bar su ba. Yaya ya kinkimi abin ya kai bola, ya dawo yana goge hannu a wando.

"Shi ke nan ko?" Baba ya tambaye shi. "Magana ta wuce?"

"Ta wuce, Baba."

Baba ya juyo ya yi mini wani kallo, irin na kin gani ko. Na ɗauki jakata na fita ban yi wa kowa sallama ba.

A ɗakina na zuba rairayi a robar wanki na sake ta. Ko murfi ba ta buƙata, tunda ba hawa take ba. Ta shige ƙasa ta ƙi fitowa. Ƙwarin da nake zubawa su yi ta yawo har su mutu.

Ba a rufa mako ba, na je kai wa Baba wankinsa da hantsi, tun daga kan kwana na jiyo guduma. Magini ne da mutanensa, sun fasa bangon daidai kan layin alli, ko kuskure babu. Tagar na jingine a ƙasa. Gadon ƙarfen an fito da shi tsakar gida, Baba na zaune a kai cikin rana, rediyonsa a cinya, ƙurar siminti ta yi masa fari a gashi. Hularsa ma ba wanda ya ciro masa, na hango ta a ƙusa ta cikin ramin.

Na ajiye wankin na nufi Yaya. Abin da na faɗa masa ran nan ba zai maimaitu ba. Na kira shi maci amana, na kira shi mara kunya, na ce Allah ya nuna masa ranar da Bebi za ta ja masa alli. Maginin har ya ajiye guduma yana kallo.

"Kin gama?" in ji Yaya. "Ɗakin ya gurɓata ne, shekara da shekaru ƙazanta na ciki. Sai an fasa iska ta shiga. Baba zai ɗan zauna a sito kafin a ga abin da za a yi."

"Da ƙofar shago ake shan iska?"

"Tsaka, ki fita idona."

"Ba zai kwana a sito ba. Tafiya zan yi da shi."

Na yi zaton zai hana, ko don idon mutane. Ya ɗaga kafaɗa. "Ubanki ne ai. In kina so ki ɗauka."

A gaban Baba ya faɗa. Na juya na kalli tsohon, ina jiran ya buɗe baki ko sau ɗaya a rayuwarsa ya tsawata wa ɗan nan. Ya kafa ido a kan rediyo yana murɗa maɓallin, alhali a kashe take.

"Na kwana biyu ne," ya ce, ba tare da ya ɗago ba. "In an gama gyara yayanki zai kira."

Na samo mota aka ɗora gadon. Na shiga ta ramin bangon na ciro hular da kaina.

Ɗakina bai ci gado biyu ba, don haka na bar masa, ni ina shimfiɗa a shago tsakanin keke da teburin yanka. Godiya? Ina! Ɗakin ya yi masa zafi, ƙarar keke ta dame shi, shayina ba ya jin sukari. Ni ma ba shiru nake yi ba, in ya faɗa ɗaya in mayar da biyu, sannan in je in juya masa filo. Wayarsa kuwa ba ya yarda ta yi nisa da hannun dama. Kullum da safe sai ya sa na duba ko caji ne ya ƙare, ko layi ne ya ɗauke. Cajin cike, layin lafiya lau. Na bi ta ƙofar gidanmu na ga tayoyi a jere har bakin titi, an yi fenti, an kafa allo. Tabon Bebi kuma ya ɓace da man da na ce. Ban gaya masa ko ɗaya ba, shi ma bai tambaya ba.

Robar na ƙarƙashin tagarsa, amma ya daina kallon wajen. In na ce, "Baba, ka yarfa mata ruwa mana," sai ya ce ni in yi. Tsakar ta rame har ƙashin bayanta ya fito. Na fidda rai da ita. Sai ga shi wata rana ta cafke ɗan ƙwaro, bayan nan wani. A inda aka cire wutsiyar wani ɗan tsiro ya leƙo, baƙi-baƙi, guntu, bai yi kama da ta da ba ko kaɗan. Tana ci, tana lasar idonta, amma kuka ko sau ɗaya. Tun ranar da ta yi ƙarar nan a hannuna ba ta sake buɗe baki ba.

Jiya da magariba ina zaune a bakin gadonsa ina ba shi magani, wuta ta ɗauke, ɗakin ya yi duhu-duhu. Sai na ji kik-kik-kik.

Baba ya zabura har kofin ya zube a zanina. Hannunsa ya shiga lalube cikin bargo, ya ture kwalbar magani, ya kamo wayar ya miƙo mini.

"Ɗauka, ɗauka maza kada ta katse! Ban gaya miki zai kira ba?"

Na karɓa. Fuskar wayar baƙi ƙirin. Daga ƙarƙashin taga aka sake yi, kik-kik-kik, a fili wannan karon. Na hango ta a kan ɗan dutsenta, ta miƙe a kan ƙafafunta da guntuwar wutsiyarta.

"Wane ne?" ya ce. "Shi ne ko?"

"Tsaka ce, Baba."

Ya karɓi wayar daga hannuna ya mayar ƙarƙashin filo.

"Au," ya ce. Ya juya fuskarsa bango.

Na tsince ƙwayoyin maganin a ƙasa, na tsoma yatsa a sauran ruwan kofin na yarfa mata a kan dutsen.